Dihe da iskar da muke shaƙa

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu mun san dihe, koren busasshen nan da matan Kanembu ke kwasowa daga tafkunan kanwa na Kanem, ake miya da shi. A 1964 Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan Beljiyam, ya gan shi a kasuwar garin nan namu, lokacin sunansa Fort-Lamy. To, dihe ba ganye ba ne. Ƙananan halittu ne da ake kira sayanobakteriya, amma aikinsu ɗaya da ganyen gero: da hasken rana suke fasa ruwa, iskar oksijin ta fito.

Wurin fasawar ɗan ƙulli ne na atom huɗu na manganis, ɗaya na kalsiyam, biyar na oksijin. Shi kaɗai ba ya ƙarko, sai wasu furotin sun rufe shi kamar murfin tukunya. Babbansu, PsbO, kowa na da shi. Sauran sun bambanta: sayanobakteriya na da PsbU da PsbV, tsirrai kuma PsbP da PsbQ.

Yaya suke mannewa? Yawanci da jan cajin lantarki, shi ya sa gishiri ke kwance su. In masana suka wanke na tsirrai da ruwan gishiri mai kauri, PsbP da PsbQ su ɓalle, oksijin ya ragu ƙwarai, sai an ƙara kalsiyam da kuloraid aikin ya farfaɗo. Da haka aka gane su ne ke tsare waɗannan biyun kusa da ƙullin. Na sayanobakteriya sun fi riƙo, gishirin girki bai isa ya ɓamɓare su ba.