Kallo Ɗaya da Kallo Biyu: Koyar da Kalmomi da Lissafin Kaso a Ƙananan Azuzuwa

Akwai darussa biyu da yaro kan gamu da su a farkon firamare, waɗanda malami kan ɗauka hanya guda ce ke kai wa gare su, watau haddacewa. Na farko shi ne gane kalmomin da suka fi yawan fitowa a rubutu da kallo ɗaya. Na biyu kuwa shi ne kwatanta kaso da kaso, kamar rubu'i da sulusi, a faɗi wanda ya fi girma. Wannan maƙala za ta nuna cewa saurin idon da ake nema a darasi na farko shi ne ke kayar da yaro a na biyu.

Asalin jerin kalmomin kallo ɗaya daga Amurka yake. A shekarar 1936 Edward Dolch, malami a Jami'ar Illinois, ya fitar da kalmomi 220 da suka fi yawaita a littattafan yara na Ingilishi. Dalilin da ya sa aka rungumi jerin a fili yake: rubutun Ingilishi sau da yawa ba ya bin furuci, har kalma irin su "said" ko "the" takan gagari yaron da ya bi ta baƙi-baƙi. Sai dai binciken da ya biyo baya, musamman na Linnea Ehri, ya nuna cewa kalma takan zauna a ƙwaƙwalwa ne idan yaro ya haɗa haruffanta da sautukanta, ba don ya haddace siffarta kamar hoto ba.

Bokon Hausa kuwa kusan kowane harafi da sautinsa, saboda haka yaron da ya iya ba, bi, bu zai haɗa "baba" da kansa. Matsalar Hausa a wani wuri take. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Kuka" na iya zama itace, ko hawaye, ko wakilin suna a "da kuka zo". "Gari" na iya zama mazauni ko abin tuwo. Malamin da ya rubuta irin waɗannan a kati su kaɗai ya ɗaga wa aji, bai ba yara abin karantawa ba tukuna. A cikin jimla ya kamata su zo, domin jimla ce ke fayyace furucinsu.

To, a lissafin kaso al'amarin ya fi tsanani. Yaro ya shafe shekaru yana koyon cewa 8 ta fi 4. Ran da aka rubuta masa 1/8 da 1/4 a allo, nan take zai nuna 1/8, kuma a iya saninsa bai yi kuskure ba. Idan aka ce masa kawai "mai babbar lamba a ƙasa shi ne ƙarami", zai haddace, gobe kuma ya ce 7/8 bai kai 1/4 ba. Maganin shi ne a jinkirta alƙaluman. A kawo sandunan rake biyu masu tsawo ɗaya, a raba ɗaya gida 4, ɗaya gida 8, a tambaye shi guntun da yake so. Ba yaron da zai zaɓi ƙarami. Daidaiton tsawon nan fa ba abin wasa ba ne, don rubu'in dogon rake na iya fin rabin gajere, kuma wannan ma darasi ne da ya cancanci rana guda.

Harshen Hausa ya zo da wani sauƙi a nan. Rabi, sulusi, rubu'i, humusi da sudusi sunaye ne da ba su ɗauke da lambar da za ta ruɗi ido, kuma ban da rabi duk daga Larabci aka aro su. Yaron da ya taɓa jin zancen rabon gado ya san matar mamaci tana samun rubu'i idan babu ɗa, tumuni idan akwai, kuma kowa ya san tumuni ragi ne. Daga sunan sai a gangaro zuwa 1/8, ba a fara da alƙalami ba.

Bayan haka sai a koya masa auna kowane kaso da rabi: 3/8 bai kai rabi ba, 4/6 ya wuce shi, magana ta ƙare. Idan duka biyun sun wuce rabi, kamar 3/4 da 5/6, sai ya duba abin da ya rage wa kowanne ya cika. Na farko rubu'i ya rage masa, na biyu sudusi, ke nan 5/6 ya fi kusa da cika. Daidaita lambar ƙasa, inda 2/3 da 3/4 ke komawa 8/12 da 9/12, ya dace ya zo daga ƙarshe, sa'ad da yaro ya riga ya naɗe takarda gida 12 da hannunsa ya ƙirga.