Yaron da Karatu Ya Ke Yi wa Wuya Ba Daƙiƙi Ba Ne

Zariya garin karatu ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda reshenta na Kongo ya ke koyar da shari'a da aikin mulki. Saboda haka iyaye a Kongo da Tudun Wada su kan sa rai ƙwarai ga karatun 'ya'yansu. Amma a cikin azuzuwanmu na karatu da makarantun Lahadi, mu kan sami yaro mai wayo, mai saurin gane magana, wanda in an ba shi littafi sai ya yi ta in'ina. Mu kan ce masa rago ko daƙiƙi, wani lokaci har da bulala. Darasinmu na wannan wata a kan irin wannan yaro ne.

Mene ne wannan wahala?

Masana suna kiranta disleksiya, watau wahalar karatu. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya yi amfani da sunan cikin littafinsa na 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, gwanin lissafi, wanda ya kasa karatu ko da ya ke an yi shekaru ana koya masa. Yanzu an sani ba ciwon ido ba ne, ba kuwa ƙarancin hankali ba. Ƙwaƙwalwar mai ita ce ta ke shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa. Sau da yawa gado ce, a kan same ta ga uba da ɗa. Ba a warkar da ita da allura ko ƙwaya, amma koyarwa mai kyau ta kan rage nauyinta ƙwarai.

Waɗanda suka sha wannan wahala

Muhammad Ali, ɗan damben Amurka, da kyar ya gama makarantar sakandare a 1960. A shekarar nan ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik a Roma. A 1964 ya zama zakaran duniya, ya kuma ziyarci Nijeriya. Karatu ya yi masa wuya, amma wa ya fi shi iya magana?

Jackie Stewart na ƙasar Sikotilan ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, ya shiga garejin ubansa, yana ɗaukar kansa wawa. Ya zama zakaran tseren mota na duniya sau uku, a 1969 da 1971 da 1973. Sai a 1980, sa'ad da aka gwada ɗansa, sa'an nan ya san sunan abin da ya dame shi. Dubi yawan shekarun da ya yi yana ɓoye kunya!

Carol Greider ta Amurka ba ta yi ƙoƙari a jarrabawar shiga babban karatu ba, jami'o'i da yawa suka ƙi ta. A 1984 ita da malamarta, Elizabeth Blackburn, suka gano sinadarin da ke tsare bakin zaren gado cikin ƙwayoyin jiki don kada ya zaizaye. A 2009 aka ba ta kyautar Nobel.

Akwai kuma 'yar ƙasarmu, Maggie Aderin-Pocock, wadda aka haifa a Landan a 1968, iyayenta 'yan Nijeriya. Ta zaga makarantu 13 tana yarinya. Duk da haka ta sami digirin dakta a 1994, ta yi aikin ƙera na'urorin duba sararin sama, a 2014 kuwa ta shiga gabatar da shirin taurari na talabijin na BBC.

Kada mu ɗauka kowane mai wannan wahala zai shahara. Abin lura shi ne, wahalar ba ta rage hankalinsu ko kaɗan ba. Su nawa ne irinsu suka bar aji a cikinmu domin an yi musu dariya?

Abin da ya kamata mu yi

Kowane ɗan fari a aji ya kan rikita b da d, balle ga ɓ da ɗ. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in yaro ya yi shekara biyu ko uku yana haka, yana tsallake kalmomi, yana ƙin a sa shi karatu, sai mu lura.

Na ɗaya, mu ajiye bulala da zagi, gama tsoro ya kan ƙara rikita shi. Na biyu, mu koya masa sauti ɗaya-ɗaya: ya ga harafin, ya faɗe shi da ƙarfi, ya zana shi da yatsa a kan rairayi. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Na uku, kada mu tashe shi ya yi karatu gaban jama'a ba shiri. Mu ba shi wurin tun da wuri ya yi ta bita a gida. Na huɗu, mu nemi abin da ya gwanance a kai, ko waƙa, ko lissafi, ko aikin hannu, mu yabe shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta wahalar karatu da ragonci?
2. Don me Jackie Stewart ya daɗe bai san abin da ya dame shi ba?
3. Akwai yaro ko babba a ajinmu da ya daina zuwa saboda kunya? Wa zai je ya komo da shi?