Tsarki a Bakin Mudu

Karatu: Littafin Firistoci 19:1-18, 35-36, 1 Bitrus 1:13-16

'Yan'uwa cikin Ubangiji, idan an ambaci tsarki, da yawanmu mukan tuna da azumi da addu'ar dare da barin giya. Duk waɗannan suna da kyau. Amma mu duba Firistoci sura 19. A aya ta 2 Allah ya kira jama'arsa su yi kama da shi cikin tsarki, daga nan sai ya kai su gona da kasuwa.

1. Tsarki a gona (aya 9-10, 13). Manomi zai bar kala domin matalauci da baƙo, kuma zai biya ɗan ƙwadago a ranar da ya yi aiki. Mu a Giwa Tazo, nawa ne cikinmu muke cewa "sai na sayar" alhali yaron da ya yi mana shuka bai ci abinci ba?

2. Tsarki a kasuwa (aya 35-36). Allah yana duban mudu da sikeli. An san Aliero da albasa a ko'ina cikin Nijeriya. Wanda ya jera manya a bakin buhu, ya ɓoye ruɓaɓɓu a tsakiya, zai iya ruɗin mai saye a kasuwar Jega, amma Allah ya ga tsakiyar buhun.

3. Tsarki a rabon agaji (aya 15). Bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, an ba ni rubuta sunayen mabukata. Wani ɗan'uwana wanda ruwa bai taɓa gonarsa ba ya roƙe ni in sa sunansa. Na rubuta, na kasa barci, da safe na soke. Ya yi wata biyu bai gaishe ni ba, amma buhun ya isa ga wata gwauruwa. Takardar rabo ba ta san dangi ko addini ba, bukata kawai ta sani.

Ba da waɗannan ayyuka muke sayen ceto ba, Almasihu ya riga ya biya da jininsa. Amma ɗa yakan ɗauko halin ubansa. Kada maƙwabta su dube mu su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Tambayoyi don tattaunawa:
a) Akwai haƙƙin wani da ya kwana a hannunka? Yaushe za ka mayar?
b) Yaya ikilisiyarmu za ta bar wa matalauta kala a girbin bana?

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake zukatanmu da mudunmu ta wurin Ruhunka, cikin sunan Yesu. Amin.