Ba Laifin Taya Ba Ne, Kai Ka Karkatar Da Ƙafar Motarka

Na gaji da jin magana ɗaya a bakin garaji: wai tayoyin yanzu ba su da ƙwari. Daga ƙaramar salla zuwa yau motoci huɗu aka kawo mini nan Magarya da ciwo iri ɗaya. Ta ƙarshensu Golf ce ta wani saurayi. Ya sa sababbin tayoyin gaba, ko wata biyu ba su yi ba, ya dawo yana faɗa: "Baba, mai tayar nan ya cuce ni." Na durƙusa na zura hannu ta ciki. Gefen waje zanensa raɗau kamar yau aka sa, gefen ciki kuwa ya suɗe har waya ta fito tana sukar yatsa. Na ce masa, "Ɗana, wa ya yanke maka sifirin?" Ya yi shiru. Ashe don bikin abokinsa ya sa aka datse zagaye biyu, wai motar ta kwanta ƙasa kamar ta tsere.

To bari in faɗa da babbar murya. Tayar da ba ta da kyau tana tsagewa, tana kumburi, tana cinyewa ko'ina. Amma wadda ta cinye ta gefe ɗaya tak, ƙafar mota ce ta karkace. Ka sayi mafi tsada a Damagaram ko Kano, haka ita ma za ta ƙare.

Abubuwa biyu ne ke kaucewa idan aka taɓa tsayin mota. Na farko kamba, wato jinginar taya idan ka tsaya a gaban mota kana kallonta. Ka rage tsayi, saman taya sai ya sunkuya ciki, nauyi ya taru a gefen ciki. Na biyu shi ne abin da muke kira paralelizim, 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka kuma su ce alayimen: ko tayoyin gaba suna duban hanya ɗaya, ko kowace ta kama gabanta. Samari sun fi sanin kamba don ita ido ke gani, alhali na biyun ne ya fi cin roba. A rim mai inci 15, idan bakin tayoyin ya kauce da milimita 3 kacal, kowace taya tana gurzar ƙasa a kaikaice kusan mita 4 a kowane kilomita. Daga Magarya zuwa Damagaram, kimanin kilomita 90, ka ja tayarka a gefe sama da mita 350. Wace roba ce za ta jure wannan?

Sai jita-jitar da ta fi ɓata mini rai, wai karkatacciyar taya ta fi kama hanya, tunda haka motocin tsere suke. Gaskiya ne ana karkatar da tayoyinsu na gaba da kamar digiri 3. Amma a kan kwalta mai santsi suke gudu, suna shan kwana da gudun da ke danne tayar waje har ta zauna daidai, kuma kafin a tashi wasa an canza tayoyin. Kai fa? Miƙaƙƙiyar hanya kake bi ta Bande, ko ka gangara burji da rairayi zuwa Dungas. A nan, ba duk faɗin tayarka ne ke kama ƙasa sosai ba, birkinka ya ragu, ga tudun rairayi yana jiran kaskon man inji. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Motar gida da wuya masana'anta su ba ta kamba fiye da digiri ɗaya ko ɗaya da rabi.

Kada direbobin tasha su ɗauka da samari kaɗai nake. Mai Hiace da ke ɗaure sandar toshan don hancin mota ya ɗaga, da mai ƙara ganyen sifirin don ya labta buhunan riɗi ko ya kwashi kayan kasuwar Maigatari ran Alhamis, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ɗagawa da saukarwa duka suna canza zaman ƙafa.

Gargaɗin da nake so ya zauna a kunne shi ne na wuta. Na sha ganin an kira mai walda ya gasa sifirin har ya yi ja don ya lotsa, ko ya gasa ƙafar amotisa a lanƙwasa ta don taya ta miƙe, ko a fafe ramin noti da tsinken walda. Wallahi wannan wasa da rai ne. Ƙarfen sifirin an yi masa horo na musamman a masana'anta; da ya sha wuta ya rasa wannan horon, ba kuma ya dawowa. Ba zai karye a garaji ba. Sai ranar da ka faɗa rami da gudu, da iyalinka a baya. Sifirin da aka datse kuma yana iya zamewa daga mazauninsa idan mota ta yi tsalle. Duk bakaniken da ya nufi ƙafar motarka da wuta, karɓi makullinka ka tafi. Mu ma masu sana'a da laifinmu: muna karɓar kuɗin aikin da muka san ɓarna ne, muna koya wa yaranmu na garaji haka.

Gyara yana da tsari. A mayar da sifirin na asali, biyu tare, hagu da dama. A ɗaga mota a girgiza kowace taya. Idan rotil ko robobin ƙafa suna da wasa, a canza su tukuna, don saiti a kan ƙafa mai rawa asarar kuɗi ne. A daidaita iska, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen siminti. A fara da kamba, a gama da paralelizim, domin taɓa na farko yana kautar da na biyu. Inda babu na'ura, igiyar magina mai dalma tana nuna kamba: digiri ɗaya a rim mai inci 15 shi ne tazarar milimita 6 zuwa 7 tsakanin sama da ƙasa. Akwai notin kamba na musamman da ake sayarwa, shi ake sawa, ba a fafe rami. Ƙafar baya ta tsohuwar Golf kuwa dungu ce. Idan ta karkace sosai, ƙarfen ne ya lanƙwashe, sai canji. Balans kuma daban yake, maganin rawar sitiyari ne, ba ya hana cin gefe.

Saurayin nan ya sayo sifirin biyu da tayoyi biyu, kuɗin da ya ninka na yankan sau da yawa. Kai da ke karantawa, yau juya sitiyarinka har ƙarshe, ka durƙusa ka shafa gefen ciki na tayar gaba. Abin da tafin hannunka ya gaya maka, kada ka kai shi gobe.