Amsoshin Tambayoyinku: Wando da Ɗankwali a Majami'a

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jos. A ikilisiyarmu ta gida, a kudancin Kaduna, mace ba ta shiga sujada da wando, kuma dole ta ɗaura ɗankwali. Inda nake zuwa yanzu kuwa har mawaƙa wando suke sawa, kai a buɗe. Mamata ta ce na lalace. Don Allah, wace shiga ce ta dace da Kirista a majami'a?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Littafi Mai Tsarki bai yanka wa masu bi wani anko na ranar Lahadi ba. Amma bai yi shiru a kan sutura ba, sai dai inda ya fi nauyaya magana ba nan muka fi kai ido ba.

Mu fara da wando. Masu hana shi sukan kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 22:5, inda aka hana mace sa kayan maza, namiji kuma kayan mata. To, a zamanin Annabi Musa maza da mata duk dogayen riguna suke sawa, bambancin yana ga ɗinki da ado. Abin da aka hana shi ne mutum ya ɓad da kama, ya shige cikin jinsin da ba nasa ba. Kayan maza kuwa kowace ƙasa da nata: a Pakistan, matan Kirista da wando da doguwar riga suke zuwa sujada, ba mai cewa sun yi shigar maza. A wannan sura ɗin dai, aya ta 11 ta hana yadin da aka haɗa ulu da lilin, ban kuwa taɓa jin an tsare wani a ƙofa ana duba zaren rigarsa ba.

Batun ɗankwali ya fi wannan ƙarfi, domin Manzo Bulus ya yi shi dalla-dalla a 1 Korintiyawa 11: mace ta rufe kai in tana addu'a ko annabci, namiji ya buɗe nasa. Masana sun rabu. Wasu sun ce umarni ne na kowane zamani, wasu sun ce a Korinti lulluɓi alamar matar aure ce mai mutunci, don haka mutuncin ake nema, ba ƙyallen ba. Cocin Katolika ya sa rufe kai cikin kundin dokokinsa na 1917, sabon kundin 1983 kuma bai maimaita ba. A yawancin majami'un ECWA da COCIN da EYN na karkara har yau ɗankwali ne. Ki lura da maza ma: a al'adar Bahaushe dattijo ba ya shiga taro kai ba hula, amma saboda wannan sura yakan tuɓe ta a bakin ƙofar majami'a.

Ga inda nake so ki tsaya. A 1 Timoti 2:9-10 Bulus ya nemi mata su yi shiga ta kunya da kamewa, sai ya lissafa abin da yake gudu: kitson ƙawa, zinariya, lu'ulu'u da tufafi masu tsada. Bitrus ma haka ya yi a wasiƙarsa ta fari, sura 3. Wato fariya ce ta fi damunsu. Yakubu kuwa, a sura 2, ya tsawata wa ikilisiyar da ke ba mai zoben zinariya kujerar gaba, ta bar mai tsumma a tsaye. Mu fa? Sai a yi wa yarinya tsawa a kan siket, alhali leshin da ya shigo bayanta ya kai albashin malamin firamare, kuma har gaba ake raka mai shi. Akwai matan da kan ƙaurace wa sujadar Kirsimeti don ba su ɗinka sabo ba. Wannan ya fi wando zama abin kunya ga ikilisiya.

Kada ki ɗauka na ce kome ya halatta. Kayan da suka matse jiki ko suka bayyana tsiraici ba na wurin sujada ba ne, ko wando ne ko zane, kuma samari masu sakin wando ƙasa da ƙugu ba su tsira ba. Ko a babbar majami'ar Bitrus da ke Fadar Paparoma, ba a barin mai yawon buɗe ido ya shiga kafaɗu da gwiwoyi a waje.

Shawarata: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In kin je gida, ɗaura zanenki da ɗankwalinki ki zauna kusa da Mama; a Romawa 14 Bulus ya koyar da cewa mai 'yanci kada ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa. In kin koma Jos, kada ki yi wa masu wando kallon ɓatattu. Mama kuwa kada ki ja da ita a waya. Ki bari sai kin zo hutu, ku buɗe surorin nan tare, in ya yiwu da matar fasto a wurin.