Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Rubutu da Bai Kammala Ba

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da saƙo cewa abokinsa ya haɗa wasan kwamfuta na rubutu zalla, amma wasan bai kammala ba, kuma cike yake da kurakurai. Yana tambaya, ta yaya zai yi masa sharhi?

To, malam, mun gode. Wasan rubutu shi ne wanda kwamfuta ke ba ka labari, kai kuma ka rubuta umarni, kamar ka ce a buɗe ƙofa. Will Crowther ne ya share fage a Amurka wajajen 1976 da wasan Colossal Cave Adventure.

Abin da za ka fara dubawa shi ne umarni. Idan labari ya ambaci fitila, ka ce a ɗauki fitila, wasan ya ce bai gane ba, wannan babban aibi ne, ya fi kuskuren rubutu muni. Sai ka duba ko ana iya kaiwa ƙarshe. In ba a iyawa, faɗa wa abokin naka ƙarara, ka kuma rubuta masa duk umarnin da wasan ya ƙi karɓa, domin gyara.