Mota Ma Tana Jin Ƙishirwa

Garin Shagari yana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta bi ta Boɗinga, ta nufi Tambuwal da Jega. Nan ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Dare da rana motoci ba su yankewa a hanyar nan.

A garin akwai wani direba mai bas guda. Asalinta motar ɗaukar kaya ce. Da ya saye ta sai ya kai wa masu walda, suka yanka mata tagogi, suka jera benci a ciki, suka ɗora mata wurin kaya a bisa. Da ita ya ke ciyad da iyalinsa, ba shi da wata dukiya bayanta. Amma fa inji bai sake ba, ga shi kuwa kullum tana cike da mutane da buhuna. Jakin da aka ƙara wa kaya, tilas ya ƙara haki.

Wata rana da bazara, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan wuce digiri 40, direban nan ya ɗauki mutane da buhunan albasa za shi birni. Kafin su kai Boɗinga sai ya ga allurar da ke nuna zafin inji ta hau kan ja. Can kuma sai tururi ya fara fitowa daga gaban mota. Nan da nan ya ratse gefen hanya, ya kashe inji.

Yaron motarsa ya diro da jarka, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto. Direba ya daka masa tsawa, ya ce, "Kul! Kada ka taɓa. Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshen ruwa zafi. In ka buɗe yanzu, fuskarka zai wanke."

Yaro ya ce, "To, maigida, in kwara wa injin ruwan sanyi mana?"

Direba ya ce, "A'a. Ba ka ga yadda tukunyar ƙasa ke tsagewa in an sauke ta daga wuta aka zuba mata ruwan sanyi ba? Haka ƙarfen inji ke yi."

Mutane suka yi ta gunaguni, waɗansu suka karɓi kuɗinsu suka shiga wata mota. Direba bai ce kome ba, ya jira har inji ya huce. Da suka duba sai suka ga tiyon roba ya tsage. Suka naɗe shi da tsumma da roba, suka zuba ruwa kaɗan kaɗan, suka lallaba har wurin wani tsohon makanike a Boɗinga.

Me ya sa inji ke bukatar ruwa? Dalili kuwa shi ne, wuta ce ke ci a cikinsa. Man da a ke zuba wa mota ƙonewa ya ke yi, ƙarfin ƙonewar ne ke juya ƙafafu. In aka kasa ƙarfin man nan kashi uku, wajen kashi ɗaya ne kaɗai ke tafiyad da mota. Kashi ɗaya ya fita da hayaƙi, ɗayan kuwa sai ruwa ya kwashe shi, in ba haka ba ƙarafan inji su kumbura su cije.

Saboda haka maƙera suka bar hanyoyi a cikin jikin inji, inda ruwa ke zagawa yana ɗibar zafi. Akwai ɗan famfo mai tura ruwan. Ruwan zafi ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, watau tankin nan mai ƙananan bututu da yawa da ke gaban mota. Iskar tafiya da ta fanka su busa bututun, ruwa ya huce, kamar yadda uwa ke fifita kunu kafin ta ba ɗanta. Sa'an nan ya bi tiyon ƙasa ya koma cikin inji. A motoci irin wannan, igiyar roba guda, wadda a ke kira fambel, ita ke juya famfo da fanka. Akwai kuma wata 'yar ƙofa wadda ke rufe hanyar ruwa in inji na da sanyi, ta buɗe da kanta in ya ɗumama. Wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, shi ya ƙera lagireto mai kama da saƙar zuma, aka sa shi a motar Mercedes ta 1901.

Murfin lagireto ma yana da nasa aiki. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma murfin nan yana danne ruwa, ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Shi ya sa in an buɗe shi da zafi ruwan kan tafasa gaba ɗaya, ya yi tsiri, ya ƙona mutum.

Makanike ya fara da zaro sandar gwajin baƙin mai, ya duba. Ya ce, "Ka yi sa'a da ka tsaya da wuri. Da man nan ya yi fari kamar an dama shi da nono, da ruwa ya shiga cikinsa ke nan, sai an sauke kan inji. Wannan kuwa aikin kuɗi ne mai yawa."

Ya danna fambel da babban yatsa, ya ji ya saki. Ya kwance lagireto, ya juye shi, sai ga jan ruwa da laka suna fita. Ya dubi yaron mota, ya ce, "Samari, wane irin ruwa ka ke ba ta?"

Yaro ya sunkuyad da kai, ya ce, "Baba, na kududdufi, in rijiya ta yi nisa."

Tsoho ya ce, "To, ka ga aikinsa. Laka ta toshe bututu, fambel ya saki, ruwa ya rasa hanya, tsohon tiyo ya fashe."

Ya wanke bututun sarai har ruwa ya riƙa fita garau. Ya toshe bakunan lagireto, ya tsoma shi cikin ruwa, ya hura masa iska, kamar yadda mai faci ke yi wa robar keke. Inda kumfa ya taso, nan ne huda, ya liƙe ta da dalma. Ya sa sabon tiyo, ya ɗaure fambel, ya cika lagireto da ruwa mai tsabta gauraye da ruwan magani mai launi wanda ke hana tsatsa. Ya gargaɗe su, ya ce ruwan nan guba ne, kada a bar shi inda yara ko dabbobi za su sha. Aka ta da inji, allura ta hau tsakiya ta tsaya.

Direba ya yi hasarar kuɗin yini guda, amma motarsa ta tsira. Tun daga ran nan yaron ba ya barin ta tashi da safe sai ya duba ruwa da tiyo da fambel, tun inji na da sanyi. Jarkarsa kuwa ruwan rijiya tatacce ya ke cika ta da shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa hanyar Shagari ta bi?
2. Don me direba ya hana yaronsa buɗe murfin lagireto?
3. Faɗi hanyar da ruwa ke bi daga inji har ya komo.
4. Yaya makanike ya gane inda lagireto ya huje?
5. Waɗanne abubuwa uku ya kamata a duba kafin mota ta tashi?